Abin da jakunkuna 9,000 suka koya min

Lokacin da muke aji uku a sashen zane, ni a wajena duk wanda ya ce shi "fasahar tunani" yake yi, wato aikin da saƙonsa ya fi ƙwarewar hannu muhimmanci, to rago ne kawai da bai iya riƙe fensir ba. Ni na iya zana fuska har uwar mutum ta gane ɗanta, to me wani zai faɗa min? Sai ga shi malaminmu ya raba mana sunaye kowa ya yi bincike, ni aka haɗa ni da Ai Weiwei, wani mai irin wannan fasaha ɗan ƙasar Sin.

Abin da na fara cin karo da shi ma haushi ya ba ni, hotuna uku na 1995 inda ya saki wani tulu na zamanin daular Han, abin da ya kai wajen shekara 2,000, ya tarwatse a ƙasa shi kuma ko a jikinsa. Har yau ban gama yafe masa wannan ba gaskiya, duk da na gane yana nuni ne da yadda aka ragargaza kayan tarihi lokacin juyin al'adu na Mao, shugaban Sin na wancan zamani. Mutumin an haife shi 1957 a Beijin, babansa Ai Qing marubucin waƙoƙi ne da gwamnati ta kora, yaron ya tashi a can Xinjiang yana ganin uban nasa na wanke banɗakunan jama'a. Ya zauna Amurka daga 1981 zuwa 1993.

Aikin da ya rufe min baki shi ne na girgizar ƙasar Sichuan ta 2008. Makarantu sun rufta kan yara saboda ginin algus ne, hukuma ta ƙi fitar da sunaye, sai shi da 'yan sa kai suka bi gida gida har suka tattara sunayen ɗalibai sama da 5,000. A 2009 ya jera jakunkunan goyo na 'yan makaranta guda 9,000 a fuskar wani gidan nune-nune a Munik ta Jamus, launukansu suka haɗa jimla ɗaya da rubutun Sin, maganar wata uwa ce cewa 'yarta ta yi shekara bakwai cikin farin ciki a duniya. Na daɗe ina kallon hoton nan a waya, ja da rawaya da kore kan shuɗi kamar adon biki, sai ka san abin da aka rubuta cikinka ya juya. Na tambayi kaina, da zanen yara masu kuka ya yi fa? Da na yaba inuwa da haske na wuce abina.

Sannan rodin gine-ginen da suka rushe, tan-tan ya kwaso duk a lanƙwashe, ma'aikata suka yi ta dukansa da guduma har ya miƙe kamar sabo. Wanda nake kira rago kenan fa. Haka 'ya'yan furen rana miliyan 100 da ya zuba a gidan nune-nunen Tate Modern na Landan a 2010, duk na tangaran ne, kowace ƙwaya da hannu aka yi mata zane, mutum wajen 1,600 a garin Jingdezhen suka yi aikin. A hotunan farfaganda Mao ne rana, jama'a kuma furen da ke juyawa yana binsa. Kuma ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun hukuma, 'yan sanda sun doke shi a garin Chengdu har sai da aka yi masa tiyata a ka, a 2011 aka tsare shi kwana 81, fasfonsa sai 2015 aka mayar masa.

To ni kuma zumuɗi ya ɗebe ni, furojet ɗina na ƙarshen zango na ce nima tunani zan yi. Na jera kujeru biyar babu kowa a kai, na rubuta bayani shafi biyu cike da manyan kalmomi na manna a bango. Malam ya zo ya cire takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce to yanzu me nake gani? Na ce kujeru, Malam. Ya ce nima su nake gani. Ya ce me ya sa kujera, ba tebur ba, ba bokiti ba? Wallahi ba ni da amsa, su na samu a kusa kawai. Jakar makaranta kuwa ba wanda zai tambaya me ya sa jaka, ita ce abin da aka gani warwatse cikin ɓaraguzai.

Maki kaɗan na samu kuma na cancanta. Zango na gaba sati uku na yi ban taɓa komai ba, ina ta rubutawa ina sokewa a littafi, ina neman wane abu ne in na ajiye shi zai yi magana ba sai na tsaya a gefensa ina tafinta ba. Fuska kam ina zanawa har yanzu, da ita nake biyan kuɗin haya.