Kiran waya ba takardar ɗaukar aiki ba ne

Wani ɗan maƙwabcina a Agege ya tare ni bayan magariba, baki har kunne, ya ce, "Baba, an ɗauke ni, gobe zan ajiye aikin da nake yi." Na ce ina takardar? Sai ya miƙo mini waya. Saƙon WhatsApp ne layi biyu, ba muƙami, ba albashi, ba ranar fara aiki. Gabana ya faɗi, domin a kan irin wannan na taɓa sakin na hannu na kama na guje.

Ni kira aka yi mini daga wani kamfani a Ikeja. Lokacin ban san wanda ya yi wa mutum intabiyu ba shi ne mai sa hannu ba. In ya yaba da kai, fayil zai wuce sashen ma'aikata, su tuntuɓi mutanen da ka ba da sunansu, su tantance takardunka, wasu su tura ka gwajin lafiya, sannan masu kuɗi su amince da albashin. A kowane mataki maganar tana iya mutuwa, kuma ba lallai a sanar da kai ba. Tawa haka ta mutu, bayan na riga na yi sallama da tsohon wurina. Laifina ne. To amma mai kuɗin haya a wuya a Legas, aka ce masa "zo ranar Litinin", ina ya ga bakin neman takarda? Ko albashin ban tambaya ba, kada a ce kwaɗayi ya kawo ni. Har yau ina ganin tarbiyya ce, ko da yake ita ta ja mini.

Kada ka ajiye aiki sai takarda ta shigo hannunka, mai sunan kamfani da adireshi, muƙami, ranar farawa, tsawon watannin gwaji da albashi. Ka tambaya ƙarara: kuɗin nan kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan? Dokar fansho ta 2014 ta sa a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara 10. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ya ba mai ɗaukar aiki wata uku ya rubuta maka sharuɗɗa, amma kai kada ka jira. Saƙon da ya ce an zaɓe ka a aikin da ba ka nema ba, ko ka zo da kuɗin fom, damfara ce. Duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kafin ka kashe kuɗin danfo, motar hayar Legas.

Kafin ka tashi daga intabiyu, tambayi ranar da za ka ji sakamako. In ta wuce, aika imel ɗaya, gajere, ka bar su. In ka ji shiru, aika na biyu bayan mako, domin wanda ya cika kawaici fayil ɗinsa a ƙasa yake kwana.

Kuma don Allah ku riƙa ɗaga baƙuwar lamba! Yaro yana neman aiki, waya tana hannunsa dare da rana, amma imel ɗinsa ya yi mako bai buɗe ba, in an rubuto masa kuma ya mayar da saƙon murya. Mai kira yana da jerin sunaye a gabansa, in ya buga sau biyu ba a ɗauka ba, na ƙasanka zai kira.