Wasiƙa daga Jamus zuwa mutanen Jos: a nan Garba daban, Abubakar daban

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na Anguwar Rogo da Gangare da Rikkos da Bauchi Road har zuwa Bukuru, iyayenmu da ƙannenmu. Ya sanyi? Na san yanzu an fara hura wuta a bakin shagunan mai shayi tun asuba. Mu ma nan sanyin ne, sai dai namu a watan Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu kamar an yi isha'i.

Ina rubuto muku daga Kolon, kusan tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa zuwa Bonn inda gidan rediyon DW yake. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan doguwar wasiƙa shi ne saƙonnin da ƙannena ke turo min a WhatsApp, kusan kowane mako sai an samu mai cewa Yaya nawa ne kuɗin jirgi, Yaya ya ake samun biza, Yaya akwai aiki kuwa. Amma har yau ban ga wanda ya tambaye ni ya zan gyara takarduna kafin in taso ba, alhali wallahi nan ne inda gizo ke saƙar.

Bari in fara da abin da ya same ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, sunansa na yanka Abubakar, amma duk unguwa Malam Garba aka san shi. Lokacin da aka kai ni firamare wanda ya rubuta rajista ya sa Garba, haka ya bi ni har takardar WAEC. Da na zo yin fasfo na sa Abubakar saboda shi ne sunan gaskiya. A gida babu wanda zai ɗaga ido a kan wannan, kowa ya san Garba da Buba da Habu duk Abubakar ne, kamar yadda Shehu yake Usman, Iro yake Ibrahim, Binta take Fatima. To ma'aikacin da ke zaune a ofis a nan bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne, shi abin da ke gabansa takardu biyu ne masu sunan uba daban-daban, don haka a wurinsa mutum biyu ne. Ban gane nauyin abin ba sai da na tashi ɗauko iyalina. Jamus ba ta karɓar takardun haihuwa da na aure na Najeriya haka kawai don an buga musu hatimi, sai an bi an tantance, ana tura mutum ya je ofishin da ya ba da takardar, wani lokaci har unguwa da makaranta ana tambaya, kuma kai za ka biya kuɗin binciken. Sai ga Garba a nan, ga Abubakar a can, ga takardar aure da ban karɓa ba sai bayan shekara guda da ɗaurin auren. Aka koma baya, rantsuwar kotu, sanarwa a jarida, ƙanina yana ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan. Wata tara ya ƙaru a kan jiranmu. A cikin wannan jiran matata ta haihu a Jos, a waya na ji an raɗa wa ɗana suna. Har yanzu idan na tuna sai in ji abin a ƙirjina.

Don haka dan Allah, tun kafin ka fara zancen biza, ka shimfiɗa tabarma ka baje takardunka duka: takardar haihuwa, ta firamare, WAEC ko NECO, ta jami'a, takardar NYSC, NIN, BVN, fasfo. Ka duba harafi bayan harafi. Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammed? Wanne ne sunanka, wanne ne na mahaifi, wanne aka sa a gurbin sunan dangi? Ranar haihuwa ɗaya ce ko kuwa an taɓa rage maka shekaru don neman aiki? Wannan rage shekarun da muke ɗauka ba komai ba, a nan yana iya zama zargin ƙarya ga hukuma. NIN ɗinka shi ne tushe yanzu tunda ba a yin fasfo sai da shi, kuma abin da ke cikinsa ne zai fito a fasfon, to ka fara gyarawa daga wurin NIMC sannan sauran su biyo baya. Takardar haihuwa kuma ta hukumar ƙidaya ta ƙasa ake so, ba katin asibiti ba. Waɗanda aka haifa kafin dokar rajistar haihuwa ta 1992 takardar tabbatar da haihuwa hukumar ke ba su bayan sun yi rantsuwa a kotu. Takardun karatu idan an nemi a tantance, Abuja za ka je, ma'aikatar ilimi ta tarayya sannan ma'aikatar harkokin waje, ka ware kwanaki da kuɗin mota, ba abin da ake yi ana gobe tafiya ba ne.

Masu aure ku saurare ni da kyau. Mu mun saba a taru a ƙofar gida ko masallaci, waliyyai da shaidu, a biya sadaki a raba goro a yi fatiha, aure ya ɗauru kuma a wurin Allah ya ɗauru. Amma ofishin jakadanci takarda yake gani. Ku karɓi takardar aure a makon da aka ɗaura, ku adana hotunan ɗaurin auren da katin gayyata. Matar da za ta biyo mijinta dole ta kai shekara 18, kuma mafi yawanci sai ta nuna shaidar ta fara jin Jamusanci a matakin farko da ake kira A1, cibiyar Goethe da ke Legas na yin wannan jarrabawa. Sannan mai mata biyu ya sani tun yanzu dokar nan mace ɗaya kawai ta yarda ya kawo, ya yi shawara da iyalinsa tun a gida kada a zo ana kuka daga baya.

Ɗalibai kuma akwai asusun banki da ake kulle kuɗi a ciki don nuna wa ofishin biza kana da abin riƙe kanka, tun watan Satumba na 2024 yuro 11,904 ne na shekara, a riƙa sakar maka 992 duk wata. Kada wani ejan ya ce maka zai ara maka kuɗin ka nuna ka mayar masa, kuɗin nan da shi za ka ci abinci ka biya haya. Ɗalibi na iya aiki kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara.

To ka sauka lafiya. Abu na farko shi ne rajistar wurin zama, a nan Anmeldung ake cewa, kuma kwana 14 aka ba ka daga ranar da ka tare, wanda ya yi sakaci tarar na iya kaiwa yuro 1,000. Sai mai gidan ya sa hannu a wata takarda cewa lallai a gidansa kake, shi ya sa duk ɗakin da aka ce maka ga shi da araha amma ba a rajista da shi, ka bar shi ko da kyauta ne. Komai a kan wannan rajistar yake rataye. Da ita lambar harajinka mai lamba 11 za ta zo ta gidan waya, da ita za ka nemi katin izinin zama, banki ma adireshin zai tambaya. A fom ɗin akwai gurbin addini, 'yan uwanmu Kiristoci na Jos ku yi tambaya kafin ku cika, domin wanda aka rubuta shi ɗan cocin Katolika ko babbar cocin Furotesta ta nan ana cire masa harajin coci daga albashi, kashi 9 cikin 100 na harajin da yake biya a jihar da nake, wasu jihohin kashi 8. Musulmi ba a cire masa.

Ga wani ƙaramin abu da ya fi ƙarfin a raina shi: ka manna sunanka a akwatin wasiƙa na gidan ranar da ka shiga, kuma sunan dangin da ke cikin fasfo, ba wanda abokai ke kiranka da shi ba. Ɗan aike a nan da suna yake aiki, in bai ga sunan ba zai mayar da wasiƙar inda ta fito, katin banki da na inshora da kiran ofishin baƙi duk su koma, kai kuma kana zaune kana cewa shiru. Mu da muka taso da kwatance, bayan masallaci kusa da mai awara, ba mu saba hukuma ta rubuto mana ba. A nan kuwa da wasiƙa hukuma ke magana kuma kusan kowace wasiƙa da wa'adinta. Ka buɗe ta ranar da ta zo ko ba ka jin yaren, ka ɗauki hoto ka fassara a waya ko ka kai wa wanda ya riga ka zuwa. In ka ga ambulan mai ruwan ɗorawa da kwanan wata rubuce a bayansa, wannan daga kotu ne ko wata hukuma, kada ka yar da ambulan ɗin, daga ranar nan aka fara ƙirga maka. Na san wani bawan Allah da ya tara wasiƙu a leda saboda tsoron abin da ke ciki, ƙaramin bashin waya ya zo ya ninka, sunansa ya ɓaci a Schufa, wurin da ake ajiye tarihin biyan bashin mutane, ya daɗe yana neman gida masu haya na ƙin sa. Mutumin kirki ne wallahi, tsoro ne kawai da rashin mai faɗa masa.

Inshorar lafiya dole ce, ba zaɓi ba. Kuɗin rediyo da talabijin yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo. Kuɗin ajiya na haya doka ta ce kada ya wuce na wata uku, kuma kada ka tura wa kowa sisi kafin ka ga ɗakin da idonka ka sa hannu a yarjejeniya. Shiga jirgi ko bas ba tikiti tarar yuro 60 ce, in ta maimaitu tana iya zama shari'a. Lasin tuƙinka na gida wata shida kawai zai yi maka bayan ka yi rajista, daga nan sai jarrabawar nan. Ranar Lahadi shaguna a rufe, ka yi cefane tun Asabar.

Katin izinin zama shi ne ranka a ƙasar mutane. Ka nemi sabuntawa tun da sauran watanni, domin samun ranar ganawa, wato Termin, yana ɗaukar lokaci, kuma in ka shigar da buƙata kafin ya ƙare za a ba ka takardar wucin gadi da ke nuna zamanka halal ne har a gama. In ka bari ya mutu sannan ka je, labarin ya canza. Fasfo ma haka, tun a gida in da hali ka yi mai shafi 64 na shekara 10 maimakon mai shafi 32 na shekara 5, don a nan sai ka yi tattaki zuwa ofishin jakadancinmu a Berlin ko ƙaramin ofishin da ke Frankfurt, ga kuɗin jirgi ga rasa aikin yini. Wanda ya riƙe takardunsa tsaf kuwa yana ganin amfanin, tun watan Yunin 2024 mai shekara 5 da zama bisa ƙa'ida, in ya cika sauran sharuɗɗa, yana iya neman zama ɗan ƙasa ba tare da ya ajiye fasfonsa na Najeriya ba.

Kada kuma ka manta da abin da ka bari a baya. Layin wayarka na gida da ke haɗe da banki da BVN ka riƙe shi da rai, ka riƙa sa masa kati kana amfani da shi, in ya daɗe a kwance kamfani zai ba wani, lambar sirrin bankinka ta riƙa shiga wayar wanda ba ka sani ba. Ka bar wa amintacce ɗaya kwafin duk takardunka, in da fili ko shago ka rubuta masa wakilci a gaban lauya, zumunci ya fi daɗewa idan akwai rubutu. Ka kuma ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka a imel.

Akwai maganar da ba ma son yi, ita ce mutuwa. Mun yi jana'izar wani ɗan'uwa a nan, kafin a gano lambar danginsa sai da aka kwana uku ana neman wanda ya san gidansu. Kai gawa gida kuɗi ne mai yawa, kuma birane da dama suna da ɓangaren Musulmi a maƙabarta, masallatai da yawa kuma musamman na Turkawa suna da asusun jana'iza da ake biyan ɗan abu duk shekara. Ka shiga ɗaya, ka faɗa wa iyalinka abin da kake so, ka sa lambar wani na gida a cikin walat ɗinka.

Sai tsaraba. Iyayenmu mata, na san ba kwa iya barin ɗa ya tafi hannu rabbana, amma kilishi da dambun nama da man shanu ba a shiga da su Tarayyar Turai, kwastan za su karɓe su zubar, wani lokaci da tara. Dankalin turawa ma an hana ko ƙwaya biyu ne, duk da na san na Bokkos da Mangu babu irinsa. Ni dai kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da acca na shigo da su ba matsala. Wanda ya ɗauko tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye ya bayyana a filin jirgi. Takardun asali kuma a jakar hannu, kada a zuba su cikin babban akwati tare da garin kunu.

A gaida mutanen Terminus da 'yan kasuwar Farin Gada, a gaida malamanmu. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke raye ya je yau ya tambaye su ainihin sunan yanka da shekarar haihuwa ya rubuta, ni na so in yi hakan lokacin da Malam yake da rai.

Naku,
ɗan'uwanku a Kolon