Angelo Musco, ɗan wasan kwaikwayon da marubuci Pirandello ya rubuta wa wasanni

Angelo Musco ɗan birnin Catania ne a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, inda aka haife shi a farkon shekarun 1870 cikin gidan talakawa masu 'ya'ya da yawa. Ya yi sana'ar aski, ya yi ɗinkin takalma, ya yi aikin gini, sannan ya fara koyon wasa a wurin masu wasan 'yartsana na garinsu. Daga nan ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗan wasa Giovanni Grasso, wanda ya shahara da wasannin ban tausayi, shi kuwa Musco aka bar masa ɓangaren ban dariya.

A shekarar 1914 ya kafa ƙungiyarsa, kuma a 1915 mutanen birnin Milan da ke arewacin Italiya suka karɓe shi hannu bibbiyu, duk da cewa da harshen Sisili yake wasa, wanda mutanen arewacin ƙasar ba sa ji sosai. Wannan ne abin da ya fi burge ni game da shi, domin mutumin da zai sa baƙi dariya da harshen da ba nasu ba, lalle fuskarsa da tafiyarsa da muryarsa suna faɗin abin da kalma ba ta faɗa. Marubuci Nino Martoglio ya rubuta masa wasanni, haka ma shahararren marubucin Italiya Luigi Pirandello, wanda ya ba shi "Pensaci, Giacomino!" da "Liolà" a 1916. Sai dai zamansu da Pirandello bai yi daɗi ba, saboda Musco yakan ƙara nasa a kan dandali, marubucin kuwa yana ganin ana mai da aikinsa abin barkwanci. A ganina kowannensu yana da gaskiyarsa, amma ba na jin waɗannan wasanni za su cika zaure a lokacin in ba don Musco ba.

Ya fito a fim marar murya a 1917, amma fim bai amfane shi ba sai da murya ta shigo. Daga 1932 ya yi finafinai kusan goma, yawancinsu wasanninsa na dandali ne aka ɗauka, sau da yawa tare da abokiyar wasansa Rosina Anselmi. Ya rasu a Milan a watan Oktoba na 1937, yana tsakiyar aiki.