Tada tsohuwar 504 bashe a gida: fenti ne aikin ƙarshe

A lungunan Birni da Zango da Sabon Gari ba a rasa tsohuwar Peugeot 504 bashe, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura, kwance a gindin katanga, tayoyi sun sace, awaki sun maida ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Da yawansu ba su mutu ba. An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, mai buɗaɗɗen bayan ta biyo baya wajen 1980, kuma kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe yana haɗa ta, shi ya sa har gobe kayanta ba sa wuyar samu, ko a nan Damagaram ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Mota ce da babu kwamfuta a cikinta: mai haƙuri da akwatin sifana zai iya tada ta a ƙofar gidansa. Inda ake faɗuwa shi ne tsarin aikin. Mutum ya fara da mai fenti da mai kujeru, kuɗi su ƙare, motar tana sheƙi amma ba ta kai Mirya ba tare da ta tafasa ba.

Kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, ɗauki kart giriz, wato takardar rajistar motar, ka gwada lambar shasin da ke ciki da wadda aka buga a jikin motar. In ba su yi daidai ba, ko motar ta shigo daga Najeriya babu takardar duwan, tsaya nan ka warware wannan tukuna.

Sai ka shiga ƙarƙashinta da fitila da ƙaramar guduma, amma ka fara bubbuga jikinta, don kunama da maciji suna son motar da ta daɗe a ajiye. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin mota a nan kamar yadda take ci a bakin teku. Abin da ke ruɓar da bodin bashe shi ne fitsarin dabbobi da kanwa da gishiri da takin zamani da ta yi shekaru tana kaiwa kasuwannin ƙauye. Abin da ke karya ta kuwa lodi ne: motar da aka ƙera don tan ɗaya da ɗan kai, a ɗora mata ninki biyu, a bi hanyar Tanut da ita. Duba inda ƙarafan baya suka haɗu da gidan direba, da kunnuwan da ke riƙe da lam, wato sifirin na baya. Ka auna da igiya daga kusurwar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya, ka sake aunawa ta ɗaya gefen. Idan bambancin ya wuce santimita ɗaya, shasin ya karkace, kuma taya za ta riƙa cinyewa gefe guda komai gyaran da ka yi. Tsagewa ba a shafa mata walda a kai kawai. A huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe bakinta, a cike, sannan a ɗora farantin ƙarfe da ya zarce wurin ta kowane ɓangare. A cire wayoyin batir da na altanato kafin mai walda ya kunna injinsa.

Wurin aikin ma yana da nasa sharaɗi. Jak yana nutsewa a rairayi, don haka sa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, ka tokare motar da gungumen itace ko ƙafafun ƙarfe. Tubalin laka da bulon siminti fashewa suke yi ba gargaɗi. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu, ƙusoshi kuma a gwangwanayen madara, kowane da rubutunsa, a inda hannun yara ba ya kaiwa.

Injin da ya yi shekaru a kwance ba a danna masa makulli. Cire buji huɗun, zuba cokali biyu na man inji gauraye da gazuwal a kowane rami, bar shi kwana uku, sannan ka juya shi da hannu ta ƙusar fulin gaba. Idan ya zagaya, zubar da tsohon mai, sa sabon filta da mai wajen lita 4. 20W50 ya dace da tsohon inji a zafinmu. Daga nan sai awon matsi, wato a auna ƙarfin da kowace silinda take matse iska da shi. Ba yawan lambar ne kaɗai abin dubawa ba, daidaituwarsu ce: idan silinda ɗaya ta gaza sauran da fiye da bar ɗaya a ma'aunin matsin, zuba mata cokalin mai ka sake aunawa. In lambar ta tashi, segiman ne suka cinye, wato zobban fistan. In ba ta motsa ba, supaf ne ba sa rufewa, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufe hanyar iska da ta hayaƙi. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, juwan kilas, wato abin toshiyar da ke ƙarƙashin kilas, murfin kan inji, ya ƙone a tsakaninsu.

A nan ne ake gyaran gangar Abzinawa. Injin esansi na 504, ko mai cc 1618 ne ko 1796 ko 1971, silindojinsa ba a jikin bulok, wato gangar jikin injin, aka fafe su ba. Kowace shamis ce, wato bututun ƙarfe mai zaman kansa da ake zurawa, ruwa yana zagaye ta kai tsaye, tana zaune a kan siririn abin toshiya a gindinta, kilas kuma shi ke danne ta daga sama. Idan ka kwance ƙusoshin kilas ka ɗaga shi tsaye, shamis tana iya liƙewa ta biyo shi ko da ɗan kaɗan ne, toshiyar gindin ta tsage. Ka ɗaure komai da kyau, bayan kwana biyu ka zaro ƙarfen awon mai ka tarar da shi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya gangara cikin mai. Don haka kilas gefe ake fara murɗa shi har ya rabu da juwan, sannan a ɗaga. Da zarar ya sauka, danne shamis ɗin da manyan wasa, wato faffaɗan zobban ƙarfe na ƙarƙashin kan ƙusa, da gajerun ƙusoshi a ramukan bulok, kuma kada kowa ya juya inji kafin a yi haka. Idan za ka canza shamis ɗin, sai kowace ta ɗan ɗara fuskar bulok da wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma huɗun su zo kusan daidai. Wannan ɗan tudun ne ke cizon juwan. Ba a auna shi da ido ko da farce. A samo ma'auni, ko a kai wa mai shi. Kilas ɗin kansa na alminiyom ne, zafi yana lanƙwasa shi, saboda haka a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a duba, in ya karkace a kai a goge fuskarsa. Juwan kuwa ka sayi mai kyau, araha ba ta ado. Duk lokacin da injin yake buɗe, lulluɓe shi da tsumma mai tsabta da leda, don ƙurar rana ɗaya ta hunturu ta isa ta goge sabbin segiman.

Ana gyara tazarar supaf inji yana sanyi: milimita 0.10 ta shigar iska, 0.25 ta fitar hayaƙi. Bakin falatin na delko, mai raba wa buji wuta, 0.40, na buji 0.6. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, amma ka tuna Faransawa daga baya suke ƙirga, silinda ta 1 ita ce ta kusa da giya, ba ta kusa da radiyato ba. Wanda ya saba da motocin Japan yakan sha wahala a nan, yana ta zargin bobin, mai ƙara wa wutar buji ƙarfi.

Mafi yawan injinan nan zafi ne ya kashe su, kuma zafin daga ruwa ya fara. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin dutse a cikin radiyato, ga tsatsa da ke taruwa kamar laka a gindin shamis. Kai radiyato a buɗe kansa a zura wa kowane bututu siririn ƙarfe, wankin waje ba ya komai. Canza tiyo duka, da murfin radiyato, da bel, ka girgiza famfon ruwa ka ji ko yana lilo. Cikin yana cin wajen lita 8. Ruwan sama da aka tace ko tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba, haɗe da maganin hana tsatsa, shi ya kamata. Na san makanikai da yawa suna cire tamostat, mai tare ruwa har inji ya ɗau zafi, su yar, suna cewa ba a ƙasar sanyi muke ba. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba shi da ita yana daɗewa bai ɗau zafin aikinsa ba da safiyar hunturu, ya sha mai, ya cinye silinda, kuma cire ta ba ya buɗe radiyaton da ya toshe. Sa sabuwa, ka gwada ta a tukunyar ruwan zafi ka ga ta buɗe. Wasu 504 suna da fanka mai kama kanta da lantarki idan zafi ya hau. Tabbatar tana kamawa, in ba ta yi a gyara ko a ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum, don watan Afrilu da Mayu a nan ba wasa ba ne.

Tankin mai a sauke shi, a zuba tsakuwa mai tsabta da ɗan gazuwal a jijjiga har tsatsar ta saki, a ɗauraye. Kada a kusantar da wuta gare shi ko da ya yi shekara babu mai, tururin da ya rage yana fashewa. Sa filta kafin famfon esansi, musamman in kana shan man kwalba. Karbirato Solex ce mai sauƙi: a wanke, a hura ramukanta da iska, ban da zura musu waya, don tana faɗaɗa su motar ta koma mashayiya. Wayoyin lantarki kuma ɓera ya riga ka zuwa wurinsu. Bi su ɗaya bayan ɗaya, goge wayar da ke haɗa inji da jiki, ka fitar da duk takardar sigari ko guntun waya da aka sa a madadin fis.

Birki ba wurin tsimi ba ne. Ruwansa yana tsotsar danshi, ya ci cikin silindoji, don haka a canza robobin babbar silinda da na tamburan baya, da tiyon roba masu tsagewa, a zuba sabon DOT 4, a fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da direba zuwa ta kusa. Ɗaga gaba ka girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama, ka ji ko rotil da rulma, wato gaɓoɓin ƙafar gaba da boris, suna lilo. Robar da ke rufe kiremaye, wato ƙarfen da sitiyari ke juya tayoyi da shi, in ta yage, rairayi ya shiga ke nan. Akwatin giyarta mai giya huɗu man inji yake sha, pon na baya kuma, mai raba wa tayoyin baya ƙarfi, 80W90. Kada a musanya su. Taya mai fashe-fashe a gefe ta gama aiki ko da zanenta yana nan.

Yanzu ne mai fenti zai shigo. A kankare har ƙarfe inda tsatsa ta kama, a shafa jan fenti mai hana ta dawowa. Mastik, abin cike lotsawar bodi, bai kamata ya wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Lotsawar da ta fi haka guduma take so, in ba haka ba gargadar hanya za ta ɓare shi kamar ɓawon gyaɗa. Kada a fesa cikin hazon hunturu ko danshin Agusta. Bayan damina, da sassafe kafin iska ta tashi, a yayyafa wa ƙasa ruwa, jarka biyu daga ƴan garuwa sun isa.

Fitar farko kada ta wuce Mirya, kilomita 18, babu kaya, idonka a kan allurar zafi. Ka dawo ka ajiye ta a kan kwali ta kwana, da safe ka duba abin da ya ɗiga da launinsa. Kilomita 1,000 na farko kada ka wuce 80 a awa, kada ka yi mata cikakken lodi. Idan sun cika, canza mai da filta, bari injin ya huce sarai, sake ɗaure ƙusoshin kilas daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo, sannan ka maimaita tazarar supaf, don ɗaurin yana canza ta. Sai asirans da bizit, wato inshora da duban lafiyar mota, kafin ka ɗora mata buhun gero na farko.