Abin da Na Koya Wajen Riƙe Ɗan Gidana na Jeji da Wutar Sola

Shekara shida ke nan da na gina ɗan gida na katako a wurin da layin wutar lantarki bai kai ba, da niyyar in samu inda zan zauna ba tare da jiran kowa ya kawo mini wuta ba, kuma inda iyalina za su fake idan wata larura ta katse harkokin yau da kullum. A lokacin na ɗauka cewa aikin bai wuce sayen farantan sola a ɗora a kan rufi ba, tunda rana ba ta taɓa fashin fitowa. Sai da na zauna a cikinsa na gane cewa farantan su ne mafi sauƙin al'amari a cikin tsarin, kuma inda wahalar take shi ne batir da lissafin abin da ake sha daga cikinsa.

Na fara da faranti huɗu masu wat 200 kowanne, da batiran darma biyu masu bolt 12 da amp 200, waɗanda na haɗa a jere suka ba da bolt 24. A takarda, batiran suna ɗauke da abin da zai kunna kayan wat 4,800 na tsawon awa ɗaya, amma batirin darma ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saboda haka abin da nake da shi na gaskiya wat 2,400 ne na tsawon awa ɗaya. Na lissafa ƙaramin firji da fanka da ƙwayayen lantarki da cajin waya da kwamfuta, na samu kimanin 1,500 a yini da wannan ma'aunin, na ce ai da sauran rara. Abin da na manta shi ne inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida ke sha, ita ma tana cin nata rabon ko da ba a kunna komai ba. Tawa tana shan wat 25 a zaune, wanda a awa 24 ya kama 600, kusan daidai da abin da firjin ke ci.

Ban san da wannan ɓarna ba sai da hadari ya rufe sama kwana uku a jere. A rana mai haske farantaina suna tara kusan 3,000, domin ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji a kan zafin digiri 25, kuma zafin rufi da ƙura da asarar cikin waya duk suna rage shi. A ranar gajimare mai duhu kuwa, da ƙyar na ga 500. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, inbata ta fara ƙara tana kashedin cewa batir ya yi ƙasa, bayan 'yan mintoci ta ɗauke. Na tashi ina lalube a cikin duhu, sai na tuna cewa tocilan ɗina ma ta caji ce, kuma ban caja ta ba saboda na saba da samun wuta. Na zauna a bakin gado ina jin firjin ya yi shiru, a cikinsa akwai maganin da ake buƙatar ajiyewa a sanyi. A wannan daren na fahimci cewa gidan da na gina domin ranar larura na tsara shi ne a kan lissafin ranar da komai ke tafiya daidai.

Batiran ba su yafe mini wannan sakaci ba. Batirin darma idan ya daɗe bai cika ba, wani sinadari yakan daskare a jikin farantan da ke cikinsa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba ya dawowa. Kafin shekara biyu sun kasa kai ni asuba. Na maye gurbinsu da batirin litiyum irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, wanda ake iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma a ganina ga wanda zai zauna a gida kullum shi ne ya fi araha idan aka duba tsawon shekarun. Shi ma yana da nasa sharaɗin, domin ba a cajinsa idan sanyi ya kai ruwa na daskarewa, kuma zafi mai yawa yana rage masa kwana, shi ya sa na gina masa akwati a cikin gida a gefen da ya fi inuwa. Wanda ya zaɓi ya ci gaba da batirin darma mai ruwa, ya sani cewa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta, saboda haka dole a ajiye shi inda iska ke shiga, kuma ba a ƙara masa kowane ruwa sai tataccen ruwan batir.

Na kuma canza na'urar da ke daidaita caji tsakanin farantai da batir, daga irin da ake kira PWM zuwa irin da ake kira MPPT, wadda ke tatsar wuta daga farantai fiye da ta farko, musamman da safe da ranakun gajimare. Na sare reshen wata bishiya da inuwarsa ke faɗa wa kusurwar faranti ɗaya da la'asar, domin a farantan da aka haɗa a jere, inuwa a kan ɗaya tana ja wa sauran baya.

Akwai abin da ya fi duhun wancan dare tsorata ni. Wata rana na ji warin roba mai ƙonewa, na bi shi har wajen batir, na taɓa mahaɗin waya sai na ji ya yi zafin da ba a iya riƙewa, robar jikinsa ta fara narkewa ta yi baƙi. Noti ne ya yi sako-sako, kuma wayar da na sa ta yi siriri. Mutane suna raina wutar batir saboda bolt ɗinta kaɗan ne, alhali kayan wat 1,200 a kan bolt 24 suna jan amp 50, a kan bolt 12 kuwa amp 100, wanda ya isa ya tayar da gobara a gidan katako da babu mai kawo ɗauki kusa. Tun daga ranar na sa waya mai kauri, na sa fiyus dab da batir, na binne sandar tagulla a ƙasa saboda tsawa, na rataye tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, kuma duk wata nake bin notuna ina ɗaure su.

Game da shirin larura, abin da ya fi yi mini amfani shi ne raba kayan gidan gida biyu. Fitilu da cajin waya da rediyo yanzu suna shan wuta kai tsaye daga batir ba tare da bi ta inbata ba, saboda haka ko ta lalace ba zan kwana a duhu ba, kuma da dare ina kashe ta gaba ɗaya tunda na koma firji mai aiki da wutar batir. Girki da dafa ruwa na cire su daga lissafin sola, domin duk abin da ke juya lantarki ya zama zafi yana cinye batir cikin ɗan lokaci. Famfon ruwa da tsakar rana kawai nake kunna shi, lokacin da batir ya cika kuma wutar da ke sauka daga rufi za ta tafi a banza, ya cika tankin da ke sama, ruwan ya riƙa saukowa da kansa. Ina da ƙaramin janareta na ko-ta-kwana, wanda ba na taɓa tayarwa a cikin gida ko kusa da taga, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai kisa wadda ba ta da wari ko launi.

Sau biyu a shekara nakan cire farantan daga layi da gangan na tsawon kwana uku, in zauna a kan batir kaɗai, ina rubuta abin da mita ke nunawa safe da yamma a wani littafi da ke rataye kusa da ita. A gwajin farko na gano cewa man janaretan ya lalace saboda daɗewa a ajiye, a na biyu kuma na gano cewa ni kaɗai na san yadda ake kashe tsarin da kunna shi. Bayan haka na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya na manna a bango, na sa matata da babban ɗana kowannensu ya yi da hannunsa ina tsaye, har sai da suka daina duba takardar.