Fitilar leza ba kayan wasan yara ba ce

'Yan uwa, don Allah a kula da fitilun lezar nan masu kama da biro da ake sayarwa a kasuwannin Kano. Wadda ba ta wuce miliwat 1 ba (miliwat shi ne ma'aunin ƙarfin haskenta), ƙiftawar ido takan kare mutum daga ita, domin ana ƙiftawa cikin kusan rubu'in sakan. Amma wadda ta haura miliwat 5 tana iya yin ɓarna kafin ka ƙifta, balle mai 500 da ke fasa balan-balan ta kunna ashana. Ido yana tattara hasken ne a ɗigo ɗaya a can bayansa, inda gani yake, sai wajen ya ƙone. Sau da yawa ko zafi ba a ji, tabon kuma ba ya gogewa.

Koriyar ta fi damuna. Daga wani haske da ido ba ya gani ake samar da korenta, masu arha kuwa galibi ba su da matatar da ke tare shi. Lambar miliwat da ke jikinta ma ba abin dogaro ba ce.

Tabaran rana ba ya kariya. A nemi tabaran kariya daga leza wanda aka rubuta wa nanomitar lezar, wato lambar da ke nuna launin haskenta, 532 ga koriya, 445 ga shuɗiya. Kada a haska madubi, tayil ko gilashin mota, hasken na dawowa. Mazauna kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, kada a ɗaga ta sama, tana dushe idon matuƙi. In an gama aiki a zare batir, a kulle ta a durowa.

Yaron da ya ce yana ganin baƙin ɗigo, a kai shi wajen likitan ido a ranar.