Allan Creek: dusa, kututture da kayan gyara na hannu

Valemount, lardin British Columbia a Kanada, daren Asabar.

Bayan sallar asuba na buɗe hasashen Avalanche Canada. Ma'auninsu na haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara hawa 5 ne, yau saman duwatsu yana kan na 3. Baƙo zai ce ai tsaka-tsaki ne, da sauƙi. To a wannan matakin ne aka fi rasa rayuka, domin dusar ba ta cika zubowa da kanta ba, jira take wani ya taka ta. Mu uku muka yi shawara tun a wurin karin kumallo: yau sai fili da tsakanin itatuwa. Duk gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, ba za mu hau shi ba, ba kuma za mu tsaya a ƙarƙashinsa ba.

A bakin hanyar Allan Creek, kudu da gari, muka sauke baburan dusa, waɗanda ake hawa a kan ƙanƙara, daga tirela. Babbanmu, wani dattijo mutumin Hinton, ba ya barin kowa ya tada inji sai ya gwada na'urar neman mutum in dusa ta binne shi, wadda ke rataye a ƙirjin kowa, ya kuma ga shebur da sandar caka dusa a jakarka da idonsa. Idan ya ga kana gaggawa sai ya tuna maka mutum 8 na garin Sparwood da dusa ta binne kusa da Fernie a Disambar 2008. Ina ganin girmansa saboda wannan tsananin.

Hanyar hawa ta daskare, don haka na sauke ƙarafan nan biyu masu kartar ƙanƙara. Injin Rotax da ke cikin Ski-Doo Summit ɗina ba iska ke sanyaya ruwansa ba, dusar da sarƙar roba, wadda ke madadin tayar baya, ke watsawa ƙarƙashin kujera ce ke shanye zafin. Ita ce kuma ke jiƙa robobin da sarƙar ke zamewa a kansu. A hanya mai tauri, in babu abin da ke tada dusa, inji ya yi zafi, robobin su narke.

Da muka kai sama kuwa, subhanallahi. Dusa sabuwa har gwiwa, kamar garin da aka tankaɗe, babu sawun kowa. A nan ba a zama kan kujera. Tsaye ake, ƙafa ɗaya a kan mataki, ka karkata babur ɗin gefe guda ka ba shi wuta, ya yanka dusar ya juya da kai. Iska tana yanka kumatu amma gumi na zuba a cikin riga. Na yi azahar a bukkar shan ɗumi da alwalar da na riƙe tun daga masauki.

Wajen ƙarfe biyu ƙaraminmu ya ci karo da kututturen da dusa ta rufe. Lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi, amma hannun ƙarfen da ke riƙe takalmin sulun babur na gaba na hagu ya lanƙwashe, takalmin ya koma yana kallon waje. Muka ɗaure shi da igiya, muka gangaro a hankali.

Gyaran a garejin masauki muka yi shi, kuma a nan ne tara kayan gyara da nake yi tun bazara ya yi rana. Ina da irin wannan hannun a akwatina. Na saye shi a wurin masu kwance baburan da suka yi haɗari, kuɗinsa bai kai rabin na sabo ba. Shekarar babur ɗinsa da nawa ba ɗaya ba ce, amma da muka duba zanen kayan da kamfani ke sakawa a intanet, lambar ɗaya ce. Da lamba nake sayen kaya, ba da ido ba. Mai sayarwa a shafin saye da sayarwa na Kijiji ko Facebook zai rantse maka cewa zai shiga, alhali bambancin rami ɗaya ya isa ya ɓata maka tafiya. Muka kwance notuna, muka sa giris, muka auna tazarar takalman biyu gaba da baya da awo har suka daidaita.

Ƙaramin namu ya ce shi daga yau komai na hannu zai riƙa saye. Na ce masa a'a, a rarrabe. Murfin roba, gilashin gaba, kujera, bamba, irin wannan hannun in ka tabbata bai tsage ba, duk ka saya na hannu. Amma bel ɗin da ke tsakanin kuloci biyun nan, sabo nake saye, mai kyau, in ajiye wani a jiki. Shi ne ke kai ƙarfin inji zuwa sarƙa, in ya tsinke a dusa mai zurfi rana na faɗuwa, babu bakaniken da zai zo maka. Haka birki, haka man da injin ke sha tare da fetur, haka na'urar neman mutum. A waɗannan araha ba ta ado.

Na ciro nawa bel ɗin na duba. Gefensa ya fara sheƙi amma zare bai fito ba. Na goge fuskokin kulocin da soso mai kaushi har baƙin robar da ya manne ya fita, na mayar da bel ɗin kibiyarsa na kallon gaba. Sabo kuma sai an wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ya bushe, a lallaɓa shi a tafiyar farko kafin a matsa masa. Wannan ɗan aikin yana ƙara masa kwana fiye da yadda mutane ke zato.

Sauran dabarar lokaci ce. A watan Afrilu, da dusa ta fara narkewa, shaguna ke karya farashi, a lokacin nake sayen mai da fulogi na shekara. Kuma a Edmonton nake saye, domin a Alberta harajin tarayya na kashi 5 cikin 100 kawai ake biya, nan British Columbia sai an ɗora kashi 7 na lardi. Odar kaya daga Amurka kan yi kyau a allon waya, amma canjin dala da kuɗin aikowa da na kwastan sukan cinye ribar. Dattijonmu shi Yamaha yake hawa, tun da kamfanin ya sanar a 2023 cewa ƙirar 2025 ce ta ƙarshe a baburan dusa, ya fara tara abin da ya san zai buƙata.

Ƙarfe tara na dare Yaya ya kira, su a Kano sun idar da asuba ke nan. Shi da ya ƙare rayuwarsa a harkar kayan mota a Ƙofar Ruwa, na nuna masa aikin ta bidiyo. Ya ce, "Auta, ashe ku ma kwance kuke saye?" Na ce, "Sosai ma, Yaya. Akwai wata shakazoba da nake ciniki yanzu haka." Ya ce kada in biya sai na danna ta da hannuna, na kuma shafa sandarta in ji ko mai na tsattsafowa.

Na tura wa mai shakazobar saƙo cewa ya aiko hoton lambar da ke jikinta. In ta dace, zan tsaya a Edson ranar Litinin a hanyar komawa in gwada ta kafin mu yi maganar kuɗi.